Sistar Meya

Ƙanwata ta ɗauke mini tasha. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ni na goye ta, ni na yaye ta da kunu, kuma ita ce ta ɗauke mini tasha da rana tsaka a gaban mutanen unguwannin Nima da Maamobi. Masu cewa a bar wa Allah sun faɗa, na ji. Na bar masa, amma ban ce ban gani ba.

Wanda bai san Ankara, babban birnin Gana, ba sai na yi masa bayani. A wancan zamanin, bayan shekarar yunwa da aka koro mutanenmu daga Najeriya, torotoro, wato ƙaramar motar haya, ba ta da wurin tsayawa na doka a babban titinmu. Inda mutane suka taru, nan direba yake taka burki. Kowane wuri da sunansa, kuma ba gwamnati ce ke raɗawa ba, bakin meti ne, wato kwandastan da ke rataye a ƙofar mota yana kiran fasinja. In akwai masallaci ya ce Masallaci. In wajen babbar kwatar nan ce da ta ratsa unguwa ya ce Gota. Wurina babu masallaci, babu bishiya, ni ce kawai da tukunyar koko da kaskon ƙosai da benci biyu. Don haka tun daga cikin gari za ka ji meti yana rerawa: "Nima, Mai Koko, Maamobi! Mai Koko, Mai Koko!" Bayarabe ya faɗa, mutumin Kumasi ya faɗa. Mutumin ƙabilar Ga, 'yan asalin garin, wanda ko sannu bai iya ba, in zai sauka sai ya daki jikin mota ya ce "Mai Koko!" direba ya tsaya. Lokacin ko baƙi ɗaya na boko ban sani ba, amma sunana yana zaga birni tun asuba har dare.

Auta kuwa, haka muke kiran ƙanwar tawa, ita aka sa makaranta. Wani malamin boko da ya yi haya a gidanmu ne ya matsa wa babanmu, babanmu ya duba ya ga ni na riga na iya ɗaukar faranti, ya ce to a kai ƙaramar. Ina talla tana aji. Ta girma ta auri tela, ta buɗe ɗan shago can sama da ni, inda titi ya buɗe, tana sayar da burodi da sukari da madarar gwangwani da ashana. Mota ba ta tsayawa a wurin. Yini take tana korar ƙuda. Ni nake tura mata mutane: "Burodi ya ƙare a nan, hau sama wajen ƙanwata." Kowa a unguwa ƙanwar Mai Koko yake ce mata. Ban taɓa yi mata baƙin ciki ba a lokacin, don babu abin da za a yi wa baƙin cikin.

Sai aka yi sabon Meya, shugaban birni. Tun bai gama zama kan kujera ba rediyo ta fara kawo maganarsa. Wai Ankara ta zama kasuwar ƙauye. Wai za a kawo manyan bas, a kafa allon ƙarfe a wuraren da aka zaɓa, ko bas ko torotoro kada wanda ya tsaya sai a gindin allo. Gari ya rabu biyu. Wasu suka ce ga namiji ya zo, shi ne ya sa aka kwashe gota bayan shekara da shekaru. Wasu suka ce surukinsa ne ke shigo da bas ɗin, so yake ya kashe torotoro. Ni ban gani ba, ba zan rantse ba. Abin da na sani, duk wannan rigimar a kan bencina ake yin ta kowace safiya.

Mutum biyu ne ba sa fashi. Akwai Baba Soja, tsohon soja daga arewa, Hausarsa ta bariki ce, mace da namiji duk "ya" yake ce musu. Akwai kuma Direba, wani baƙin Bazabarme mai torotoro shuɗiya, wanda yake barin fasinja a mota ya sauko ya sha kokonsa a tsaye.

"Wannan Meya ya san aiki," in ji Baba Soja. "Gari babu oda, gari ya mutu. Mota ya tsaya nan, ya tsaya can, kamar akuya yana kiwo."

"Baba Soja, kai da ƙafa kake yawo, me ya haɗa ka da zancen mota?"

"Na tuƙa mota tun ubanka yana tallan albasa."

"Motar da ka tuƙa ai ba fasinja take ɗauka ba, gawa take ɗauka. Gawa ba ta cewa zan sauka."

"Kai dai tsoron bas kake. Bas ya zo, kai ka koma tura amalanke a kasuwar Agbogbloshie."

"Ya zo ɗin! Bas ɗin da zai shiga Nima sai an yanke masa kunne. Mai Koko, ƙara mini ƙosai, wannan tsoho yana ɗaga mini yunwa."

Ina zuba musu ina dariya, don a ganina faɗan maza ne, ba ruwan tukunyata. Sai wata safiya Direba ya ajiye kwanon bai shanye ba, ya ce, "Mai Koko, kin san dai ba za a kafa allo a nan ba? Jiya na ga masu awo. Sun ce wurinki kwana ce, titi ya matse." A ranar ƙosaina ya ƙone har sau biyu.

Da hayaniya ta yi yawa, aka ce Meya da kansa zai zo ya ji bakin mutanen zango, wato unguwanninmu na baƙi. Aka kafa rumfuna a filin makarantar firamare. Sarakunan ƙabilu suka zo da rawunansu, limamai suka zo, direbobi suka jeru a baya suna huci. Magajiya, shugabar matan unguwa, ta ce a cikin masu sana'ar bakin titi ni zan yi magana, don an san bakina ba ya rawa. Meya ba ya jin Hausa. Ni ina jin yaren Tuwi na ciniki da na Ga na gaisuwa, amma in raina ya ɓaci Hausa kaɗai ke fitowa. Akwai tafinta, wani dattijo mai tari, wanda in ka ce wuta sai ya ce ɗumi. Na ce ban yarda da shi ba, ƙanwata ce za ta juya mini magana. Auta tana can baya cikin mata, tana noƙewa. Ni na je na kamo hannunta na jawo ta gaba. Wannan ina so a sani: da hannuna na kai ta.

Na tsaya na gyara mayafi. Na ce, "Ranka ya daɗe, ka taɓa hawa torotoro? Ka taɓa zama kan katako, buhun doya a cinyarka, kazar wani tana yi maka kashi a ƙafa? Ba ka taɓa ba, ga wuyanka nan ya nuna. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tsohuwar da ta taso daga Agbogbloshie da kwandon albasa, ka ce kada a sauke ta a bakin lungunsu sai gindin allonka, kai za ka ɗaukar mata? Allonka yana dafa koko? Lebura ya fito da asuba cikinsa ba komai, allon zai lasa? Wanda ya zana maka wannan tsari a takarda, in ya isa ya zo ya kwana ɗaya a Nima, ya ga ko takardar za ta kai safiya."

Fili ya ɗauka. Direbobi suna ihu, mata suna tafi, har wani liman ya rufe baki da hannun riga. Na yi tsaye ina haki, ina jin kaina kamar na yi tsawo.

Sai Auta ta juya maganar zuwa Turanci. Na yi magana mai tsawon zani, ta mayar da ita ɗankwali. Murya ƙasa-ƙasa, hannu a haɗe. Meya ya yi dariya, ya cire tabarau, ya tambaye ta wani abu. Ta amsa. Ya sake tambaya, ta sake amsawa. Ya kira wani mai riƙe da taswira, suka sunkuya su uku. Ni ina tsaye a gefensu kamar turmin da aka gama daka a ciki. Na ce, "Ke, me yake cewa?" Ta ce, "Yaya, bari tukuna." Yaya, bari tukuna! A gaban jama'a! Sai na ga ta ɗaga hannu ta nuna saman titi. Meya ya gyaɗa kai, ya miƙa mata hannu, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Tankiyu, sista." Ni ko kallo ban samu ba. Mata suka rangaɗa guɗa, kuma har yau ban san wa suka yi wa ba.

Na shiga makarantar manya daga baya, da furfura a kaina, har na iya karanta Turancin jarida a hankali. Amma Turancin da nake so in ji shi ne na wannan yinin, kuma ya riga ya wuce.

Kafin magariba unguwa ta raɗa mata suna: Sistar Meya. Da farko tsokana ce. Ni ma na yi ta. Na ce, "Sistar wa? Uwarmu dai ba ta haifi Meya ba." Aka yi dariya. Ba a daɗe ba masu aiki suka zo da siminti, suka kafa allo daidai ƙofar shagonta, da wani a tsallaken titi. Aka baza 'yan abaye, masu tsaron titi na hukumar birni, da sandunansu. Direban da ya tsaya a wani wuri ya yini a ofis.

Bencina bai watse rana ɗaya ba. Da haka aka yi da na fi jin sauƙi. A hankali aka riƙa raguwa, kamar ruwa a randa mai tsaga. Ma'aikatan tashar jirgin ruwa suka fara bari, don ba za su sha koko a nan su yi gudu zuwa allo ba. Sai 'yan makaranta. Direba, in ya zo wucewa, sai ya rage gudu ya danna ham ya ɗaga mini hannu, ya dubi madubi ko abaye na bayansa, ya wuce. Baba Soja kaɗai ya rage, shi kuma gara ma bai zo ba.

"Ka gani, Mai Koko? Titi ya yi kyau yanzu. Oda!"

"Baba Soja, sha ka tashi."

"Ƙanwarka ya yi ƙoƙari. Ya yi magana kamar lauya."

"Ni na yi maganar."

"Kai ka yi faɗa. Shi ya yi magana."

Na karɓe kwanon daga hannunsa da sauran koko a ciki.

Manyan bas ɗin sun zo, ba da yawa ba, suna wucewa cike maƙil ba sa ko tsayawa. Rigimar Meya ba ta kwanta ba. Yau a ce za a cire shi, gobe a ce an ƙara masa ƙarfi. Direbobi suna zaginsa, masu shaguna a gindin allo suna yi masa addu'a. Ni na daina bin zancen. Idona yana sama da titi. Daga inda nake zaune ina hango shagonta, kuma na rantse na yi ƙoƙarin juya kujerata, wuyana ne yake komawa da kansa. Na ga an yi wa shagon fenti. Na ga an kafa rumfar kwano. Na ga ranar da aka sauke firji daga mota, maza huɗu suna nishi. Na ga sabon mayafinta mai ruwan ƙwai. Ina jin dariyarta in iska ta juyo, wannan dariyar da take yi tana dafe ƙirji, wadda a wurina ta koya. In ta aiko mini da abinci sai in ce yaji ya yi yawa. In ba ta aiko ba in ce ta samu duniya ta manta da mu. A wajen biki in mata suka taso suna "Sista, Sista, zo nan ki zauna", sai in ture kwanon tuwon in tashi. Na yi istigfari, na sha rubutu, abin bai sauka ba.

Ranar da na fara jin sabon kiran ina tsame ƙosai. Wata torotoro ta taho daga gari, meti yana rataye: "Nima, Sista, Maamobi! Sista, Sista!" Daidai wurin da sunana yake zama a bakinsa, nan ya sa nata. Ko waƙar bai canja ba.

Duk da haka na daure, har wata Laraba da hantsi. Wata baƙuwa ta sauko daga sama da jaka a kai, daga ganinta daga Kumasi take. Ta yi sallama ta ce, "Don Allah, ke ce yayar Sista? An ce in na sauka a Sista in gangaro, zan ga yayarta mai sayar da koko, in tambaye ta gidan wanzamai."

Na nuna mata gidan. Na ma ba ta ruwa ta sha. Da ta tafi na kashe wutar, na juye sauran ƙullun a roba, na shiga gida tun azahar ba ta yi ba.

Bayan la'asar sai ga Auta da burodi biyu a leda. Wani ya gaya mata na tashi da wuri. Ta same ni a tsakar gida ina wanke gero.

"Yaya, lafiya? An ce kin rufe da rana."

"Sista ce da kanta? A kawo kujera, kada zanin gwamnati ya yi datti."

"Haba Yaya."

"Zauna. Tambaya ɗaya zan yi miki, kuma ki ji tsoron Allah. Me kika gaya wa mutumin nan?"

"Abin da kika faɗa na faɗa. Zagin kawai na cire."

"Zagin ai shi ne maganar!"

"In ce wa Meya wuyansa ya yi kitse? A gaban sarakuna? Da yanzu a ina kike?"

"Da ina nan da tashata. Hannun da kika ɗaga fa?"

"Tambayata ya yi. Ya ce tunda wurinki kwana ce, ina ne titi yake da faɗi kusa da nan, don kada tsofaffi su yi tafiya mai nisa. Maganarki ce ta sa ya tambaya. Da can gaban Gota za su kai allon. In yi masa ƙarya?"

"Duk faɗin Nima babu wuri mai faɗi sai ƙofar shagonki."

Na zaci kuka za ta yi, don tun tana ƙarama in na ɗaga murya hawaye take yi. Sai ta ajiye ledar a kan turmi ta dube ni ido cikin ido.

"Yaya, shekara nawa ina ƙanwar Mai Koko? Mijina ma in zai yi wa mutum kwatancen gida, da sunanki yake yi. Ranar aurena an ce bikin ƙanwar Mai Koko ake yi. Na taɓa zuwa na zauna miki a tsakar gida ina kumbura?"

"Ni na gina sunana da hayaƙi a ido."

"Ni kuma na zauna ina korar ƙuda ina kallon layinki. Kin taɓa juyowa kin duba sama?"

Na ci gaba da cuɗa geron da ya riga ya fita.

Ta sassauta murya. "Ba faɗa ya kawo ni ba. Rabin rumfar nan tun da aka kafa ta ban bar kowa ya zauna ba. Wata mai waake, wato shinkafa da wake, daga Kotobabi ta yi ta roƙona, na ce wurin yayata ne. Kawo tukunyarki gefena. Da safe masu shiga gari a tsallake suke tsayawa, a bakin kwata, ko wurin ajiye ƙafa babu. In suka hango ki sai su tsallako su saya su koma. Ga inuwa, ga ruwan sanyi. Ki huta da rana."

"In zauna a rumfarki."

"Rumfarmu."

"A ce a je wajen Sista, a gefe akwai wata tsohuwa mai koko."

"Yaya, wa zai ce haka?"

"An riga an ce."

Ta tashi ta gyara mayafin nan mai ruwan ƙwai. A bakin zaure ta juyo ta ce, "Wurin yana nan." Ta bar burodin. Mai kyau ne, mai laushi, irin wanda ba ta sayar wa kowa sai ta ajiye wa na gida. Wannan ma ya ƙara mini haushi.

Amma ta bar mini wata magana ba ta sani ba. Koko abincin safe ne, kuma da safe kowa gari yake shiga. Allon da ke ƙofar shagonta na masu dawowa ne. Masu fita da yunwa suna tsallake, inda babu mai sana'ar da ta zauna saboda kwata ta cinye wurin.

Washegari da aka idar da sallar asuba Malam, maigidana, ya dawo daga masallaci ya same ni a ƙofar madafa da tsohuwar adda, ina ɓamɓare ƙusoshin ƙyaure.

"Ke, lafiya? Ɓarayi ne suka shigo, ko ke ce ɓarauniyar?"

"Kama mini nan."

"Ƙyauren madafa? Awakin gidan nan fa?"

"Su ci abin da suka samu. Kama."

Ya dube ni, ya dubi addar, ya naɗe hannun riga. Shi ya ɗauki ƙyauren a ka yana salati, ni na ɗauki tukunya, muka haura titi. A tsallake, gindin allon masu shiga gari, mutane sun fara taruwa suna hamma. Na sa ya shimfiɗa ƙyauren a kan kwata. Na hau na yi tsalle a kai sau ɗaya, bai motsa ba. Na girka murhu, na ɗora kasko, na zauna ina fuskantar ƙofar shagonta, titi a tsakaninmu. Tana cikin buɗe kwaɗon shagon ta ji ƙamshin mai ta juyo. Na ɗaga mata ludayi, na jefa ƙosan farko.